Kafin Sanyi Ya Kankama: Man Giyar da Ke Cinye Motocinmu a Landan

Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin 'yan'uwanmu masu mota a Landan, daga bakin masallaci bayan an idar da Juma'a har zuwa zaurukan WhatsApp, kuma ya kamata a tare ta tun ba ta gama gari ba. Shawarar ita ce wai idan giyar motarka ta fara tauri ko ƙara, ka nemi man giya mai kauri, 80W-90 ko ma 85W-140, wanda aka rubuta GL-5 a jikin jarkarsa, don wai 5 ta fi 4, kauri kuma shi ne ƙarfin mai. Masu ba da shawarar ba da mugunta suke yi ba. Wasunsu sun shekara da shekaru suna jan Hiace tsakanin Kano da Zariya, wasu a garejin gyaran Fijo 504 suka tashi, abin da idonsu ya gani ne suke faɗa. Sai dai motar da ke ajiye a ƙofar gidanka a Woolwich ko Barking ba Hiace ba ce. A ƙaramar mota mai giyar hannu wadda ke ja da ƙafafun gaba, wannan man yana iya kassara akwatin giya, kuma a hankali yake yi, wata bayan wata, ta yadda ran da motar za ta tsaya babu wanda zai tuna da jarkar da aka juye mata bara.

Abin ya fi shafarmu yanzu saboda irin motocin da muka koma hawa. Tun ranar 29 ga Agusta 2023 da aka faɗaɗa dokar ULEZ ta game dukkan unguwannin Landan, duk motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba sai ta biya fam 12.50 a kowace ranar da ta motsa. Dizal sai mai matakin Euro 6, wato galibi ta bayan Satumba 2015, amma fetur Euro 4 ta wadatar, kuma yawancin motocin fetur daga 2006 zuwa sama sun kai wannan matakin. Mai ƙaramin ƙarfi da ya rabu da tsohuwar dizal ɗinsa ina zai nufa? Fiesta, Corsa, Polo, Yaris, Jazz, Fijo 207 ko 208, masu shekara goma zuwa goma sha biyar, akasarinsu masu giyar hannu, sun ci dubban mil, da yawa kuma ba a taɓa buɗe notin man giyarsu ba tun da suka bar masana'anta. Ga kuma 'yan'uwan da suka shigo aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya bayan an buɗe bizar wannan aiki a Fabrairu 2022, waɗanda mota ita ce ƙafarsu: gida shida, gida takwas a wuni, kowace ziyara da lokacinta. Wanda motarsa ta kwanta a irin wannan aiki, albashinsa ne ya kwanta.

Kada kuma takardar MOT ta rufe wa kowa ido. Gwajin shekara-shekara yana duba birki, fitilu, tayoyi, sitiyari, hayaƙi da tsatsar jiki, amma hukuma da kanta ta bayyana cewa ba ya duba lafiyar inji, kulochi da akwatin giya. Mota tana iya cin gwajin da safe ba ko aibi ɗaya a takarda, alhali zobban cikin giyarta saura ƙiris su gama cinyewa.

To me ya sa man da ya yi wa Hiace rana zai cuci Fiesta? Sai an ɗan leƙa ciki.

Motar da ke ja da ƙafafun baya tana da wurare biyu da ake zuba man giya: akwatin giya a tsakiya, da kuma dif a aksil ɗin baya, inda farfela ke ƙarewa. Haƙoran dif ɗin baya wani irin yanka ne da aka fara sa wa motoci a shekarun 1920, inda ƙaramar giyar ke shiga babbar daga ƙasa da tsakiyarta. Haƙoran ba birgima kawai suke yi a kan juna ba, suna kuma goga juna a ƙarƙashin nauyi mai tsanani, har zafin wurin yakan kai ƙarfe ya nemi manne wa ɗan'uwansa. Don wannan wuri aka yi GL-5. An cika shi da sinadaran farar wuta da fosforas, waɗanda idan zafi da matsi suka kai wani mataki sai su haɗu da fuskar ƙarfen su yi wata siririyar fata. Fatar ce ke ɓarewa a madadin haƙorin, nan take kuma wata ta sake fitowa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji a man giya, na farar wutar nan ne. GL-4 ma yana da waɗannan sinadarai, amma kusan rabin abin da ke cikin GL-5. Lambobin biyu aiki iri biyu suke nufi. Ba aji huɗu da aji biyar na makaranta ba ne.

Ƙaramar mota mai ja da gaba, wadda injinta ke kwance a gicciye, ba ta da waccan giya mai goge-goge. Dif ɗinta yana cikin gida ɗaya da giyoyi, mai ɗaya suke sha, haƙoransa kuma na yau da kullum ne. Ba ta bukatar yawan sinadarin. Abin da take da shi mai laushin rai shi ne zobban sinkiro.

Duk sanda ka taka kulochi ka ja sanda daga ta ɗaya zuwa ta biyu, akwai ƙarafa biyu da ke juyawa da gudu daban-daban, kuma dole gudunsu ya zo ɗaya kafin haƙora su sarƙe. Direbobin da can da ƙafa suke yin wannan, su taka kulochi sau biyu suna daidaita totur, kamar yadda tsofaffin direbobin manyan motoci suka iya. Cadillac ce ta fara sayar da mota mai sinkiro a 1928, tun daga nan kuma wani ɗan zobe ne ke yin aikin: yana danna kansa a jikin wani tsukakken wuya na giyar, ya kama shi, ya rage masa gudu ko ya ƙara, duk cikin ƙiftawar ido. Ƙaramin birki ne. A motoci da yawa da tagulla ake yin sa, cikinsa kuma da 'yan siraran tsage-tsage da ke share man da ke tsakani don ƙarfe ya samu ya kama ƙarfe. Wato a cikin akwati guda ana bukatar man da zai yi wa haƙora da boris santsi, amma ya bar zobe ya yi kamu. Wanda ya taɓa ƙoƙarin tsayar da igiyar guga tana zurarewa rijiya alhali hannunsa da maiƙo ya san abin da zoben ke fuskanta idan santsin ya yi yawa. Ba ya kamawa da wuri, direba ya ƙara wa sanda ƙarfi, haƙora su haɗu gudunsu bai daidaita ba, sai ka ji ƙarar nan mai tsaya wa mutum a rai.

Sai kuma ita tagullar kanta. Fatar da sinadarin ke yi a jikin ƙarfe mai tauri ba ta da lahani, don ƙarfen ya fi ta ƙarfi. A jikin tagulla mai laushi kuwa, idan ta ɓare takan tafi da ɗan abin da ido ba zai gani ba na zoben. Canji ɗaya ba komai ba ne. Amma ka ƙirga sau nawa hannunka ke zuwa kan sanda daga Peckham zuwa Tottenham. Kamfanin TomTom ya auna cewa a 2023 tafiyar kilomita 10 a tsakiyar Landan tana cin kusan minti 37, mafi jinkiri a duk biranen da ya auna. Unguwanni da dama sun mayar da iyakar gudu mil 20 a awa, ga tudun rage gudu a kowane lungu. Motar Landan tsakanin giya ta ɗaya, ta biyu da ta uku take ƙare rayuwarta, zoben ta biyu kuwa shi ya fi kowa shan wahala.

A yi adalci: GL-5 na yau ba irin na shekarun baya ba ne. Masu haɗa mai sun rage wa farar wutar kaifi, kuma akwai gwajin da ake tsoma sillen jan ƙarfe a cikin mai mai zafi na awa 3 a duba yadda launinsa ya sauya. Don haka maganar da wasu ke yi cewa GL-5 zai narkar da zobe cikin mako guda zuƙi-ta-malle ce. Amma cikin gwaje-gwajen da mai zai ci kafin a kira shi GL-5 babu ko ɗaya da ke duba yadda sinkiro ke kamu. Mai zai iya zama GL-5 na ƙwarai, ya kuma zama bai dace da giyarka ba ko kaɗan. Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne, cibiyar API ta Amurka da ta tsara waɗannan lambobi ba ta ba da lasisi a kan man giya yadda take yi wa baƙin mai. Mai sayarwa ne ke rubuta lambar da kansa. Ita ma GL-4 ɗin, cibiyar ta faɗa cewa wasu na'urorin da aka gina gwajinta a kansu babu su yanzu. Shi ya sa ko GL-4 ka gani a jarka, rabin labari ka ji.

Batun kauri ya fi ruɗa mutane, kuma laifin lambobin ne. Ma'aunin man giya daban yake da na baƙin mai. Wanda ya ga 75W-90 sai ya ɗauka ya ninka 10W-40 kauri, alhali idan sun yi zafi kusan kaurinsu ɗaya. Lambar farko mai W tana gaya maka yadda man ke gudana a sanyi: ana auna 75W a digiri 40 ƙasa da sifiri, 80W a 26 ƙasa da sifiri, 85W a 12 ƙasa da sifiri. Landan ba ta kai ko kusa da nan, amma bambancin yana nan ko a safiyar Janairu da gilashin mota ya yi ƙanƙara. Mafi yawan akwatunan giyar hannu ba su da famfon mai. Giyoyin ne ke fantsama shi sama, ya bi ta wasu 'yan kwaroro ya gangara zuwa boris ɗin da ke can ƙarshen shaf. Mai mai kauri a sanyi ba ya fantsama yadda ya kamata, yana makara kafin ya isa boris, tsagen zobe kuma ba ya iya share shi. A babbar hanya, bayan tafiyar minti ashirin ko talatin, zai saki. Amma ma'aikaciyar da ke tafiyar minti takwas daga gidan wannan tsohuwa zuwa na waccan, ta kashe mota ta yi minti arba'in a ciki, man motarta ba ya taɓa yin ɗumi daga Nuwamba har Maris.

Na san amsar da za a bayar: ai da muka zuba mai kauri ƙarar ta ragu. Ta ragu, gaskiya ne. Boris ɗin da ya fara lalacewa yakan yi shiru idan aka lulluɓe shi da mai mai nauyi, lalacewar kuma tana nan tana ci gaba. Masu sayar da mota a bayan fage sun san wannan dabara sarai, don haka mai sayen gwanjo ya dage ya gwada motar da sanyin safiya, injin bai ɗumama ba, ya ji yadda ta biyu ke shiga. Idan ka iso ka tarar mai motar ya riga ya ɗumama ta yana jiranka, ka tambayi kanka dalili.

Kada kuma a juya maganar a ce to siriri shi ne daidai, ko GL-4 ce amsar kowa. Subaru mai giyar hannu tana da irin waccan giya mai goge-goge a cikin akwati ɗaya da sinkiro, don haka GL-5 take so, an kuma ƙera zobbanta da sanin haka. Tsohuwar Mini da aka fito da ita a 1959, giyarta a ƙarƙashin inji take, baƙin man injin take sha. Land Rover mai akwatin LT77 jan man otomatik ake zuba mata duk da cewa giyar hannu ce, wanda ya gaje shi kuma, R380, wani mai na musamman yake so da ake kira MTF94. A gidan Ford kaɗai akwai WSD-M2C200-C mai kaurin 75W-90, akwai WSS-M2C200-D2 siriri mai 75W, haruffa kaɗan ne suka raba su a rubuce. Fijo da Citroën da yawa 75W-80 suke sha mai lamba B71 2330. Honda tana da nata MTF-3. Volkswagen lambobinta da G suke farawa, kuma suna da yawa. Wasu zobban zamani ma ba tagulla zalla ba ne, an shafe su da kabon ko wani ƙarfe, an kuma gwada su da mai guda takamaimai. Akwai ma tarko na musamman ga masu motocin da ba su da fedar kulochi amma cikinsu giyar hannu ce da kwamfuta ke canzawa, irin Easytronic ta Vauxhall da MMT ta Toyota. Mai motar yana kiranta otomatik, bakanike mai gaggawa ya ɗauko jan mai, alhali man giyar hannu take bukata.

Abin nema ke nan: lambar da kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta. Tana cikin littafin mota, wajen shafukan ƙarshe. Idan littafin ya ɓata, kamar yadda yake ɓacewa a yawancin motocin da suka bi hannu huɗu, a kira sashen kayan gyara na dilan kamfanin a ba su lambar cesis, kyauta za su faɗa. Shagunan kayan mota irin Halfords, Euro Car Parts da GSF suna nemo mai da lambar mota, abin kuma yana taimakawa, sai dai mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya fitowa da akwatin giya iri biyu, balle wadda aka taɓa canza mata akwati. Idan an miƙo maka jarka, juya bayanta ka nemi lambar kamfanin motarka harafi da harafi. Ka kuma lura da lafazin: akwai man da kamfanin motar ya gwada ya amince da shi, akwai wanda mai man ne kawai ya ce yana ganin zai yi. Jarkar da ta ce ta dace da kowace mota, ta ɗauki GL-4 da GL-5 a haɗe ba tare da lambar motarka ba, ni dai ba zan zuba ta ba. Wasu cikinsu mai ne nagari, amma ba a giyata za a yi gwajin ba.

Yawancin masu motar da wannan abu ya cuta ba su taɓa sayen man giya da hannunsu ba. Ta wata ƙofa yake shigowa. Duk sanda aka canza kulochi, ko aka zare shaf ɗin ƙafar gaba don canza shi ko sil ɗinsa, man giya yana zubewa ko a juye shi da gangan. Idan an gama ɗaurawa dole a cika. Da me? A garejin kirki, da abin da littafi ya ce. A wani wurin kuwa, da abin da ke cikin duro ɗaya tilo da ke kusurwa, wanda da shi ake cika dif ɗin motocin ɗaukar kaya. Ba duk garejin ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ne ke haka ba. Akwai ƙwararru a cikinsu da suka fi na manyan dilolin sanin aiki. Amma ba za ka gane ba sai ka tambaya, mu kuma kunya tana hana mu, musamman idan bakaniken namu ne, dattijo, wanda ya yi mana ragi. Tambayar ba rashin ladabi ba ce idan an iya yin ta: “Baba, don Allah wane mai za ku zuba mata? Ga lambar da littafinta ya ce. In babu a wurinku, ni sai in sayo in kawo.” In ya ce, “Haba ɗana, man giya ai man giya ne,” to ka sayo ɗin ka kawo, ka kuma roƙi a ajiye maka jarkar da aka juye. Yawancin ƙananan motoci lita 2 ne ko ɗan sama da haka. Kuɗinsa bai kai na cika tankin fetur ba, gyaran akwatin giya kuwa ɗaruruwan fam ne, wani lokaci ya haura 1,000, abin da kan zarce darajar motar gaba ɗaya.

A nemi rasit, a kuma ce a rubuta sunan man a ciki. Dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta wajabta wa duk mai yi maka aiki don kuɗi ya yi shi da kulawa da ƙwarewa, in bai yi ba kana da damar a sake aikin ko a rage maka kuɗi. Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, The Motor Ombudsman kuma tana shiga tsakani idan garejin yana cikin rajistarta. Duk wannan sai da takarda. Aikin da aka yi a gefen titi, aka biya kuɗi a hannu, babu abin da za ka riƙe. Gyaran mota a kan titi a matsayin sana'a ma laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 2005.

Wanda aka yi wa aikin kulochi ko shaf a 'yan watannin nan ya saurari motarsa. Ta biyu tana ƙin shiga da safe sai an yi tafiya? Ana jin ɗan karo idan an sauko daga ta uku zuwa ta biyu? Sanda ta yi nauyin da ba ta da shi a da? Waɗannan alamun mai ne ko zobe. Idan kuwa duk giyoyin ne ke ƙin shiga mota tana tsaye injin yana aiki, ribas tana ƙara, amma da an kashe inji sai su shiga salin-alin, to kulochi ne bai saki sosai ba, canza mai ba zai yi magani ba. Kuka mai tashi da sauka tare da gudun mota yawanci boris ne, ko kuma man ya yi ƙasa saboda sil yana yoyo. Idan abin bai daɗe da farawa ba, juye man da zuba na daidai yakan dawo da giya hayyacinta. Zoben da ya riga ya cinye kuwa babu man da zai mayar masa da abin da ya rasa. Ran juyen, a tari man a roba mai tsabta a kai shi haske. Ɗan baƙin gari a jikin maganaɗisun noti, inda akwai shi, ba abin tsoro ba ne. Ƙyalli mai ruwan zinare yana yawo a cikin man, wannan zobbanka ne, kuma maganaɗisu ba ya kama tagulla, don haka noti mai tsabta ba shaida ba ce.

Kamfanoni da dama suna cewa man giyar motarsu na har abada ne, ba a canza shi. Ban yarda da wannan ba ga motar da ta haura shekara goma tana fama da cunkoson Old Kent Road. Amma gara tsohon mai na daidai da sabon da ba nata ba.

Masu son yi da kansu, abu na farko: a fara kwance notin cikawa kafin na juyewa. Wanda ya juye man sannan ya tarar na sama ya ƙi motsi, ya zauna da motar da ba ta tafiya. Mota ta tsaya daidai a kan ƙafafun ƙarfe na tokarewa, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A akwatuna da yawa ana cikawa ne har man ya fara leƙowa ta bakin ramin, amma wasu, ciki har da wasu na Fijo da Vauxhall, ba su da ramin awo, sai an auna adadin da littafi ya ce an zuba. Cikawa fiye da kima tana sa kumfa da zafi, ta tura sil. Kuma a bar 'yan kwalaben nan na ƙarin santsi da ake tallatawa, da man da aka rubuta LS a jikinsa, wanda aka yi don wani irin dif na daban. Duk abin da ke ƙara santsi abokin gabar zobe ne. Tsohon man kuma ba a zuba shi a kwata. Laifi ne, kuma magudanan titi a sassa da dama na birnin kai tsaye suke zubawa a koguna irin su Lea da Wandle da Ravensbourne. Wuraren karɓar shara na ƙananan hukumomi suna karɓarsa.

Game da mai na intanet mai arhar da ta wuce hankali, araha dai ba ta ado. Jarka da tambari ba su da wuyar kwaikwayo. Akwai wata ƙungiya a Birtaniya mai suna VLS da aka kafa a 2013, aikinta binciken ƙorafi a kan man da bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba, kuma tana wallafa sakamakon. Samuwarta kaɗai ta isa nuna cewa matsalar ba ta kasuwar gida ce kawai ba.

Ɓarnar ba a Landan take tsayawa ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilu 1972, motar Ingila mai sitiyari a dama ba ta da wurin zama a can, amma injinta da akwatin giyarta suna da kasuwa. Ana sayen su a wuraren yanka motoci, a loda a kwantena, su bi ta Tilbury zuwa Legas, daga nan su watsu Ladipo, Apo, Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Babu mai a cikinsu, don sai an juye kafin a loda. Akwatin da ya yi shekara goma sha biyu lafiya da siririn mansa sai ya faɗa hannun yaron gareji da ya san 90 da 140 kawai, ga kuma hujja a bakinsa: ai nan zafi ake yi. Zafin Afrilu a Kano gaskiya ne, amma cikin akwatin giyar da ke aiki ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba, a Kano ne ko a Landan, kuma kamfanin da ya zaɓi man ya gwada shi a ƙasashen da suka kai namu rana. Bayan wata shida giya ta fara ƙara, sai a ce ɗan'uwan da ke Ingila ya aiko da ruɓaɓɓen kaya, zumunci ya yi tsami a kan abin da jarka biyu za ta hana. Duk mai aika akwatin giya gida ya rubuta lambar man da adadin lita da fenti a jikin ƙarfen kansa, don takarda tana ɓata a hanya. Ya ɗaure masa alama cewa babu mai a ciki. In da hali ya haɗa da man a rufe, bayan ya tambayi mai lodin ko an yarda a sa shi a kwantenar, sannan ya kira wanda zai ɗaura ya gaya masa da bakinsa kada a taɓa duron gareji.